Juma'ar da Na Kasa Cinye Tuwon Inna

Shekarun baya, kafin ku san ni da wannan jikin da kuke gani a hoto, ni ƙato ne na gaske. Idan na hau acaɓa sai mai babur ya leƙa tayar baya kafin ya tayar. Masu kwale-kwale a hanyar Auyo kuwa, da sun hango ni sai su fara gyara wa fasinja zama, a ce in zauna a tsakiya kada jirgi ya karkata. Tare da ni ake dariyar, don ban ga abin fushi ba. Ci nake yi, kuma na iya.

Ni ne auta a wajen mahaifiyata. Inna ba mai yawan magana ba ce, ba ta iya rarrashi da baki ba sai da tukunya. In ka yi laifi ta yafe maka, a kwano za ka gane. In ka faranta mata rai ma a kwano za ka gane. Ko bayan na yi aure na koma can ɗaya gefen Haɗeja, duk Juma'a in an sauko daga masallaci a ɗakinta nake cin abincin rana. Malmala uku ta tuwon shinkafa, miyar kuka da ta ji man shanu, da kan tarwaɗa a sama. Kafin ta gama gyara zama na share kwano, na kora da ruwan randa, na ce mata sai wata Juma'ar. Ita kuwa sai kallona take tana murmushi.

Da na haura arba'in jiki ya fara kawo ƙara. Suga ya shigo, hawan jini ya biyo, gwiwoyi suka ƙi ɗaukata, har ta kai a kan kujera nake salla. Likitan da ke duba ni a Kano ya gaji da yi mini faɗa, ya ce akwai wata tiyata da ake yi wa masu irin ƙibata. Za a yanke mafi yawan tumbi, a bar ɗan siriri kamar ayaba, ta yadda abinci kaɗan zai ƙosar da mutum. Na yi shawara da matata, na yi istihara, na amince. Inna ce kaɗai ban gaya wa gaskiya ba. Na san za ta ce a kan me za a yanke abin da Allah ya halitta lafiyarsa ƙalau. Sai na ce mata ɗan ƙaramin aiki ne za a yi mini a ciki, ta yi mini addu'a, na tafi.

An yi aiki lafiya. Kafin a sallame ni likita ya zaunar da ni ya jero mini dokoki. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, romo da aka tace da kunu mai tsinkewa. Daga nan abu mai laushi. In na fara cin abinci sosai, in fara da kifi ko ƙwai ko wake, tuwo da shinkafa su zo daga ƙarshe in akwai sauran wuri. In tauna kowace loma har sai ta narke. Kada in sha ruwa a kan abinci, sai an jima. Lemon kwalba mai gas kuwa mu yi sallama. Ya ce, "Da ka ji ka ƙoshi, ka ajiye cokali. Loma ɗaya a kan ƙoshi za ta sa ka yi nadama."

A gidana abin bai yi wuya ba, matata ta nemo mini ɗan faranti irin na ɗora kofin shayi. Ranar farko da na ga abincina a kai na yi dariya har ɗinkin ya yi mini zafi. Mutumin da ake dafa wa mudu, yau ga shi cokali huɗu na faten wake ya kayar da shi.

Juma'a ce matsalar. Da farko ina da uzuri, ban gama warkewa ba. Daga baya na shiga ƙirƙira. Yau na ci a wajen ɗaurin aure, wani makon cikina ba daɗi, wani makon in ce a juye mini in tafi da shi gida. Inna ba ta taɓa musa mini ba. Sai dai kayana sun fara yi mini yawa, wuyana ya fito, mutanen unguwa suka fara yi mini sannu da jiki a hanya. Ta daina murmushin nan. In na shigo sai ta bi ni da ido tun daga zaure har in zauna.

Wata huɗu da aikin, kaka ta yi. Kawuna, yayan Inna da ke noma a fadamar Auyo, ya aiko mata da sabuwar shinkafa da tarwaɗa manya guda biyu, kamar yadda ya saba duk shekara. Tun muna yara tuwon farko na sabuwar shinkafa babban abu ne a gidanmu. Ranar Juma'a tun daga ƙofar gida na ji ƙamshin. Ta ajiye mini kwanon nan nawa na da, malmala uku cif, ta zauna daf da ni, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Auta, yau ba ɗaurin aure, na tambaya. Ka ci."

Na dubi kwanon, na dube ta. Wallahi ban iya ce mata a'a ba. Na wanke hannu na yi bismilla. Loma ta farko ta yi daɗin da har yau ban manta ba. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, na ji cikina ya ce ya isa. Na ɗaga kai na ga idonta a kan hannuna, sai na ci gaba. Na manta da tauna, na koma haɗiya irin ta da. Don ya wuce kuma na ɗauki moɗa na kora da ruwa.

Ban kai rabin malmala ba na ji kamar an danna mini dutse a ƙahon zuci. Gumi ya keto mini, yawu ya cika bakina, numfashi ya gagara. Na miƙe da ƙyar na nufi bayan ɗaki wajen magudana, na durƙusa na dawo da komai. Ina nan a durƙushe na ji hannunta a bayana, ɗayan hannun riƙe da buta. Na kuskure baki, ta kamo ni muka dawo kan tabarma.

Sai ta ce, "Ka gaya mini gaskiya. Wata nawa suka ce ya rage maka?"

Na ce, "Inna, wata nawa na me?"

Ta ce, "Haka mahaifinku ya fara. Ya riƙa ture kwano yana cewa ya ƙoshi. Ya riƙa ramewa yana ce mini ba komai. Kai kana ƙarami ba za ka tuna ba, ni na tuna. Tun da ka dawo daga asibitin nan ban yi barcin kirki ba."

Tunda nake ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ni ina can ina ɓoye-ɓoye don kada hankalinta ya tashi, ashe wata huɗu tana zaman jiran mutuwata. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga sugan har yankan tumbin. Na ce ba ciwo ke ramar da ni ba, maganin ne, kuma har an rage mini ƙwayoyin da nake sha.

Ta share ido da gefen zane, ta ce, "Wato da ƙafarka ka je aka yanke maka ciki?"

Na ce e.

"Kuma da hankalinka?"

Na ce e, Inna.

Ta ce, "Allah ya shirye ka." Ta tashi ta shiga madafa, ta fito da ludayin da take shan fura da shi, ta miƙo mini. "Nuna mini. Cikin naka ya kai wannan?" Na ce kusan haka ne, kada dai ya cika. Ta jujjuya ludayin tana kallo kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta ce, "Ko kazata ta fi ka ci."

Juma'ar da ta biyo na tarar da wani sabon tsari. Kifi ta fara ajiye mini, ta cire ƙaya tsaf, ta dagargaza shi a ɗan romo. Tuwon kuwa ɗan dunƙule ne kamar ƙwan zabo, ya sha miya. Moɗar ruwa ta ɗauke ta ajiye can bayanta. Da na kai loma baki ta ce, "Tauna." Na tauna zan haɗiye ta ce, "Ƙara." Mutum mai 'ya'ya huɗu ana koya masa tauna.

To mai cin ɗan abinci a hankali dole ya zauna, kuma in an zauna dole a yi hira. A nan na san mahaifiyata. Ta ba ni labarin ƙuruciyarta a Auyo, yadda suke shiga ruwa har ƙirji su yanko shinkafa in ambaliya ta riga su, da ranar da jirgi ya kife da ita da tukwanen da za ta kai kasuwar Kafin Hausa, ta fito tana kukan tukwane, mutane suna murnar ta tsira. Ta gaya mini mahaifinmu bai son miyar kuka, shekara da shekaru yana ci don kada ta ji ba daɗi, sai yana jinya ya faɗa mata. Duk Juma'o'in da na yi a ɗakin nan a baya, ban taɓa zama tsawon da za a fara labari ɗaya ba.

Shekara uku muka yi a haka. Na ajiye kujera na koma sujada da goshina. Ranar da na gaya mata, ta ƙara mini rabin cokali na man shanu, ta ce kada in gaya wa likita.

Bayan Allah ya yi mata rasuwa, cikin masu zuwa gaisuwa akwai maƙwabciyarta, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da ta yi aikin nas a garin nan har ta yi ritaya. Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, akwai abin da ba ka sani ba. Washegarin ranar da ka gaya mata maganar aikin, Inna ta shigo gidana tun da hantsi. Ta tambaye ni ko da gaske mutum zai rayu da ɗan abincin nan. Na ce zai rayu, har ya fi da lafiya. Sai ta ce mini, to ki koya mini yadda ake dafa abinci kaɗan, ni tunda nake ban taɓa ɗora ƙaramar tukunya ba. Matar da ta koya wa rabin unguwar nan tuƙa tuwo, ta zauna a gabana kwana uku ina nuna mata abin da za ta ba ka."

Na yi mata godiya.

Yanzu ina cin fiye da wancan lokacin, amma har yau rabin malmala ce iyakata. Masu tambayata ko ina kewar cin da nake yi a da, gaskiya wani lokacin ina yi, musamman in sabuwar shinkafa ta shigo gari. Shawarar da nake ba duk wanda za a yi wa irin aikin nan ita ce, kafin ya shiga asibiti ya zaunar da mai dafa masa abinci ya gaya mata komai. Ni na yi latti da wata huɗu, kuma Inna ce ta sha wahalar watannin nan ita kaɗai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.