Aisa, Na Kulle Ƙofofin Kafin Na Jona Waya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Aisa Grema Bunu a nan Diffa, bayan zazzaɓin da bai yi mako guda ba.

Aisa, ƴata ko da ban haife ki ba, ni ne Alhaji Yaro mai sibar, shagon kwamfuta na bakin kasuwa. A aji uku na koleji na tsaya, kuma da tebur ɗaya da injin hoto ɗaya na soma. Yau duk wanda ya gudo daga Bosso ko Baroua da ragowar takardunsa, wurina yake kawo su a ɗauki hotonsu a adana. Ba yabon kai ba ne, gari ya sani. Amma ban fahimci nauyin abin da nake riƙe da shi ba sai da kika dawo daga karatu a Maiduguri kika kama aiki a wurina.

Kin tarar da mu da kalmar sirri ɗaya, lambar wayata, kowa ya haddace ta har mai shayin ƙofa. Mu nan haka muka saba, makulli a wurin maƙwabci ake barin shi. Kika soke ta a yinin. Surukina ya zo neman sabuwar, yana ganin za a ba shi don girmamawa, kika gaishe shi har ƙasa, kika hana shi. Da na yi faɗa kika ce: "Baba Alhaji, hotuna da sunayen mutanen da suka tsere da ransu ne a ciki. In suka faɗa hannun da ba shi ba, wa za ka ba haƙuri?"

Kuma in kina koya mini aikin, ba ki taɓa danna mini komai ba. Sai ki naɗe hannu ki ce, "Yatsunka, Baba." Na sha jin haushi, ni da nake da jikoki.

Da Komadugu ta cika ta shigo gari bara, ruwa ya ci sarbarmu, babbar ordinatar, wato kwamfutar da ke riƙe da komai. Takarda ko ɗaya ba ta ɓace ba, don kin ajiye kwafi a gidan ƙanwata a kan tudu. Na sayo sabuwa daga Damagaram, kika zuba mata tsari. Kafin ki kulle ta ciwo ya kama ki. Kika zare wayar rezo, ta intanet, kika ce kada a jona sai an rufe ƙofofin da ɓarayi ke bi su shiga cikinta.

Bayan sadakar uku mutane suka cika shago, yara na neman takardar haihuwa don haɗa dosiye, takardun shiga jarrabawa. Wasu suka ce in jona kawai, Allah Ya tsare. Wasu suka ce in jira a kirawo gwani daga Yamai. Na ce a'a. Na zauna a kujerarki.

Na canza kalmar sirrin farko, wadda sabuwar ordinatar ta zo da ita. Na buɗe wa kowane ma'aikaci ƙaramar ƙofarsa da sunansa, har ni kaina. Na hana shiga da sunan babban mai iko da ordinatar daga nesa. Na tada katangar tsaro, na toshe duk ƙofar da ba ma aiki da ita. Sau biyu na kuskure, na goge na sake. Sai da na gama na ce bismillahi na jona waya, na sabunta tsarin, na maido da kwafin.

Kafin la'asar na duba inda kika nuna mini. Ga baƙi nan daga ƙasashen da ban san su ba suna ta gwada shiga. Ko ɗaya bai samu hanya ba. Aisa, ko ɗaya.

Takardar farko da injin ya fitar ta Hidaya ce, ɗiyarki, wadda ruwa ya tafi da ta asalin. Da hannuna na kai wa babanta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta bayinSa. Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Khalilu, da mahaifiyarki Ya Kellu, da dangi na nan da na Maiduguri. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya Hidaya. In ta girma, kujerarki na nan, kuma ni ma hannu zan naɗe.