Ranar da Muka Ƙara wa Ramatu Shekara Huɗu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin ungozoma a ƙaramin asibitinmu na yankin Ikara, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba cikin damina, lokacin da aka kawo mana shirin duba bakin mahaifa kyauta. Ga yadda tsarin yake: mace za ta fara zuwa teburin Malam Isiyaku, mai rajista, ya shigar da sunanta a wayar aiki, waya ta ba da lamba. Sannan ta shigo wurina in duba ta. Wadda aka ga abin tuhuma a jikinta, motar shirin ce ke kai ta babban asibiti a Zariya, amma sai mai lamba.

Da hantsi Ramatu ta zo daga Furana tare da mijinta Sale. Shekarunta ashirin da shida, 'ya'yanta biyu. Wata huɗu ke nan tana ganin jini ba lokacin al'ada ba, ga ruwa mai wari. Malam Isiyaku ya danna shekarunta, waya ta yi ja. An tsara ta ne ta karɓi masu talatin zuwa sama.

"Baiwar Allah, ba ki kai ba," in ji shi. "Ki dawo bayan shekara huɗu."

Ta tashi za ta tafi, har tana godiya. Na ja hannunta muka shiga ciki. Da na duba sai na ga wani ɗan tsiro a bakin mahaifar, ana taɓa shi sai jini. A makaranta an gaya mana sankarar bakin mahaifa tana kama masu ƙuruciya ma, kuma sau da yawa an fi makara a kansu saboda ba wanda ke zaton ta.

Na sami incaj ɗinmu, Malam Haruna, shugaban asibitin, na faɗa masa. Ya ce a rubuta mata talatin. Nan Sale ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni fa ashirin da takwas gare ni. So kuke a ce a gari yayata na aura?"

Mun fi rabin awa a kan wannan, Ramatu na zaune a benci tana kallonmu. Daga ƙarshe Malam Haruna ya ce to shi ma a ƙara masa. Aka yi ciniki, Sale ya amince da talatin da biyar, amma sai an rubuta ya gani da idonsa. Malam Isiyaku ya shigar da shi a waya. Waya ta karɓe shi ba gardama, ta ba shi lamba, ta kuma tambaye shi yaushe ya ga al'adarsa ta ƙarshe. Washegari da mota ta zo, direba ya kira sunan Sale kafin na matarsa.

Bayan kwana uku likitar Zariya ta kira ni.

"Sista, wa ya ce yarinyar nan talatin take? Ina bukatar shekarunta na gaskiya kafin in san irin aikin da zan yi mata."

Na faɗa mata komai. Ta ce in buɗe shafi na biyu a wayar. Akwai gurbin mata masu alamun ciwo, ba ruwansa da shekaru. Mu uku, ba wanda ya taɓa buɗe shafin.

Gwaji ya tabbatar sankara ce, amma ba ta bazu ba. Likita ta ce wadda aka kama tata a wannan matakin, yawanci tana warkewa. Sai dai tsiron ya wuce a bar mahaifar, dole aka cire ta.

Abin da nake gaya wa ƙannena a aikin nan shi ne, mutanenmu ba sa musu da ma'aikaci. In ka ce su tafi, tafiya za su yi, har da godiya. Don haka kafin ka sallami kowa, ka tabbata ka duba shi.

Wata biyu bayan aikin Ramatu ta dawo in duba ɗinkin. Na rasa ta inda zan fara yi mata jaje, mace mai ƙuruciya haka an rufe mata haihuwa. Tana ɗaura zane ta ce, "Anti, na yi kukana na gama. Biyun nan da nake da su, ni zan yi musu tuwo, ba wata ba."