Yaya Lutfiyya da Keken da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayata Lutfiyya 'yar Sadaƙa, wadda aka fi sani da Ummu Ziyad. Ta rasu a gidanta da ke Jidda tana da shekara saba'in da ɗaya, a zaune kan kujerar da take salla, ba ta yi jinyar ko yini ɗaya ba. An yi mata salla bayan magariba aka kai ta makwancinta.

Yaya, kwana uku gidan nan yana cike da matan da kika koyar, wasu har da jikokinsu. Kowacce da labarin da ta riƙe. Wannan ta ce ke kika gane ba ta ganin allo, kika kai ta aka yi mata tabarau. Waccan ta ce wata biyu kina zama da ita bayan an tashi daga makaranta har bakinta ya kama karatu. Suna faɗa ina gyaɗa kai. Amma ni ƙanwarki Shafiƙa, da na zauna gida ɗaya da ke shekara goma sha ɗaya tun rasuwar mijina, da na rufe ido ba abin da nake gani sai kwana biyar ɗin da muka yi a jirgin ruwa watan jiya, da jan keken nan naki. Na rasa dalili. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko Allah Zai sa in gane.

Shekara biyu gwiwoyinki sun hana ki fita sai dai asibiti. Da ɗanki Ziyad ya kawo miki keken nan mai batir, mai ƙafa huɗu da kujera da ɗan kwando a gaba, wata guda kika ƙi ko kallonsa. Kika ce ke ba ki kai nan ba tukuna. Sai wata safiya muna karyawa da dafaffen waken ful da burodin tamis, kika ajiye kofin shayi kika ce za mu hau jirgin shaƙatawan da ke tashi daga Jidda ya je Aƙaba ya dawo.

Na ce, "Yaya, ke da ko bakin titi ba ki zuwa?"

Kika ce, "Titi ai na gama ganinsa ta taga. Ke dai nemo min awon tela."

Da awon telan kika auna keken tsaye da kwance, kika rubuta a takarda. Kika kira kamfanin jirgin ya fi sau biyar kina tambayar faɗin ƙofa, da inda ake caji, da irin batirin da suke yarda a shiga da shi. Suka gaya miki ɗakuna masu faffaɗar ƙofa kaɗan ne, kuma ba a barin keke a waje. Tun saura wata huɗu kika kama mana ɗaya a hawa na tara. Har Ziyad yana yi miki dariya, wai ko jarrabawar ƙarshen shekara ba ki yi mata shiri haka ba.

Ranar tafiya, a babban zauren tasha, muka ji wani dattijo yana ta magana da ma'aikata. Matarsa tana gefe a keken guragu, ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni na tafi nemo mana ruwan sha. Da na dawo sai na tarar da katin ɗakinmu ya canza, an rubuta hawa na shida.

Na ce, "Sun yi kuskure, bari in mayar."

Kika ce, "Zauna. Ba su yi kuskure ba, ni na bayar."

Ashe mutanen daga Ɗa'if suke, Abu Mazin da matarsa Ummu Mazin. Tun hatsarin motar da ta yi shekara shida da suka wuce ba ta iya ko miƙewa. Wanda ya yanka musu tikiti ya kama musu ɗaki irin na kowa, mai matsattsiyar ƙofa da tudu a bakin banɗaki, ga shi masu faɗin duk sun ƙare. Saura kaɗan su juya gida.

Na ce, "To mu fa? Ina wata huɗun da kika yi kina awo?"

Kika ce, "Ni ina iya taku goma da sanda. Ita ko ɗaya ba ta iyawa. Shafiƙa, lissafin 'yan aji ɗaya ne wannan."

Da muka isa sabon ɗakin, keken ya ƙi shiga. Faɗin yatsu uku kacal ya fi ƙofar. Na juya shi ta baya, na cire kwandon, na karkata shi har gumi ya jiƙa min abaya, ke kuwa kina zaune a bakin gado kina ba ni umarni kamar kina gaban aji. Da na gaji na jingine shi a jikin bango a waje. Ba a yi rabin sa'a ba wata ma'aikaciya Bamisriya mai suna Rasha, wadda ke kula da hawanmu, ta ƙwanƙwasa. Cikin ladabi ta ce ba zai kwana a nan ba, don in an buga ƙararrawar gaggawa ta wannan lungun mutane za su bi a guje. Ko dai a kwance shi gunduwa-gunduwa kullum a shigar, ko a kai shi ma'ajiyar ƙasan jirgi sai ranar sauka.

Na dube ki, na ga fuskarki ta canza. Keken nan shi ne ƙafarki. In aka kulle shi, kwana biyar za ki yi a ɗakin da bai kai banɗakin gidanmu ba. Sai kika ce, "Ai yana da ɗaki tun asali. Ya je ya kwana wurin Ummu Mazin."

Haka aka yi, kuma a kaina abin ya ƙare. Ɗakinsu yana can goshin jirgi a hawa na tara, namu yana can wutsiya a hawa na shida. Kowace safiya ni zan je in ɗauko, bayan cin abincin yamma in mayar in saka a caji. Ni da ko keken yara ban taɓa hawa ba. Kika nuna min wani ɗan abin murɗawa mai hoton kunkuru a gefe ɗaya da zomo a ɗaya gefen, kika ce, "Ki zauna wurin kunkuru, kada in ji kin je wurin zomo."

Yaya, lungunan jirgin nan duk iri ɗaya ne. Shimfiɗa iri ɗaya, ƙofofi iri ɗaya, ba taga balle mutum ya san gabas. Ranar farko na fi sa'a guda ina zagaye, na bi ta gaban wani shagon turare sau uku har mai shagon ya fara gaishe ni. Na shiga lifta da gaba, na kasa fitowa da baya, keken yana ta kuka ƙit-ƙit, mutane suna tsaye suna jira. Na hau har hawa na sha biyu na sauko ban fita ba.

Rana ta biyu kuwa abin da na yi ya fi wannan. Bayan abincin rana na je inda ake jera kekuna a bakin ɗakin cin abinci, na hau wani ja, makullin ya shiga, na kawo miki. Kika leƙa kwandon kika ciro hular namiji da carbi mai manyan 'ya'ya.

Kika ce, "Shafiƙa, yaushe kika yi aure ban sani ba?"

Ashe keken na wani tsoho ne mutumin Kuwait, wanda muka tarar yana zaune a kan naki yana ta faɗa, wai an rage masa tsawon kujera. Kika yi dariya har kina share hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin rasuwar mijinki Abu Ziyad.

Safiyar da muka isa Aƙaba ce ta fi tsaya min a rai. Tun a gida kike cewa ko ba ki sauka ko'ina ba, can sai kin taka ƙasa. Na je ɗaukar keken, na murɗa makulli, fitila ta kama, amma ya ƙi motsi. Na cire caja na mayar. Na murɗa kunkuru, na murɗa har zomon da kika hana ni. Shiru. Ana ta sanarwa masu sauka su hanzarta, Abu Mazin ya fita neman shayi, ni kuma na tabbata ni na lalata shi da karon da na yi da bangon lifta. Na zauna a kansa na fashe da kuka, tsohuwa da ni.

Sai Ummu Mazin ta yi magana daga kan gado: "'Yar'uwa, daina kuka, leƙa bayansa ta ƙasa. Akwai wani ɗan ƙarfe. Abu Mazin ya ɗaga shi ɗazu da zai tura keken da hannu ya ba nawa hanya. Mayar da shi ƙasa."

Na mayar, ya tashi. Muka sauka a ƙurarren lokaci, ma'aikata biyu suna riƙe da ke don gadar sauka ta yi gangare sosai. Motocin masu yawo duk sun tafi. Na ɗauka ranki zai ɓaci, sai kika ce dama ba mota kika zo hawa ba. Muka samu wanda ya kai mu bakin teku, kika tuƙa kekenki a hankali har gindin wata bishiyar dabino, muka sayi soyayyen kifi muka ci da hannu. Sa'a biyu kina kallon ruwa da duwatsu. Na tambaye ki me kika zo gani a nan. Kika ce, "Ba komai. So nake in je wani wuri in dawo, kamar mutane."

Kwana ashirin da uku da dawowarmu kika tafi. Na tambayi likita ko takun da kika riƙa yi da sanda a jirgi ne ya wahalar da zuciyarki. Ya ce a'a. Na sake tambaya, ya sake cewa a'a. Har yanzu ina tambayar kaina.

A rana ta uku ta zaman makoki, Abu Mazin ya kawo matarsa a mota tun daga Ɗa'if. Ta riƙe hannuna ta gaya min abin da ban sani ba. Wai tun rana ta biyu Rasha ta samo wani ɗan ɗakin ajiya mai wurin caji a hawanmu na shida, ƙofa huɗu daga ɗakinmu, ta zo ta gaya miki lokacin ina can ina ɓacewa a lunguna. Kika yi mata godiya kika ce a bar shi inda yake. Rasha ce ta faɗa musu da kanta ranar sauka.

Ummu Mazin ta ce ita ta san dalili: ba ki so ta ji an yi mata sadaka, shi ya sa kika bar mata abin da ita ma za ta yi miki, wato ajiye miki keken. Ziyad ya ce a'a, saboda ni ne, wai kin daɗe kina gaya masa na manne miki da yawa, ko kantin unguwa ba na zuwa ni kaɗai. Ni kuwa na san halinki, ba mamaki kawai daɗin labarin ɓatana kike ji kowace safiya. Na juya maganar nan ta kowace fuska, Yaya, ban san wanne ne ba. Da kina nan da na tambaye ki, kuma na san da kin ce in je in yi tunani in kawo amsa gobe.

Ya Allah, ga baiwarKa Lutfiyya ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka karɓi abin da ta yi a bayyane da wanda ta ɓoye mana. Ka haɗa ta da iyayenmu da mijinta a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta Ziyad da matarsa Rabab da 'ya'yansu, da ƙaninmu Darwish da iyalinsa a Yanbu, da ɗalibanta duk inda suke, da Ummu Mazin wadda ta san ta kwana biyar ta yi kukanta kamar 'yar'uwar jini. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ni kuma da kowa yake yi wa gaisuwa, ku sa ni a addu'a, don har yau in an yi sallama a ƙofa sai in juya in jira ta amsa.