Holin Bayan Kicin

Shekarar da muka koma unguwar Al Warsan a Dubai mun samu gida a hawan ƙasa, da ɗan fili a bayan kicin wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Maiɗakina ta so mu shuka alayyafo. Ni kuwa na je wurin masu sayar da shuke-shuke na dawo da wani guntun itace a tukunyar roba, wai shi holi. Ganyensa ƙanana ne masu kauri da sheƙi. An ce mini ba ya kaɗe ganye, kuma ba ya tsawo, sai dai ya dunƙule.

"Ana cinsa?" ta tambaye ni.

"A'a, na kallo ne."

Ta dube ni, ta koma kan girkinta.

Na dasa shi a filin. Da zafi ya kankama, irin wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, sai bakin ganyen ya soma ƙonewa. Na ƙara masa ruwa, ya ƙara lalacewa. Maƙwabcinmu, wani Alhaji Bakano mai tura kaya gida a kwantena, ya leƙo ta kan katanga.

"Malam, khalas, ya ƙare, tuge shi ka huta. Ba ɗan nan ƙasar ba ne."

"Alhaji, bari dai mu ga iyakarsa."

Na tone gindin, na tarar da yashi da ɓaraguzan siminti, ga gishirin ruwan famfo ya yi fari a sama. Ran Juma'a na tuƙa har garin Hatta, na roƙi wani manomi buhun ƙasa da takin awaki. Motar ta daɗe tana wari. Na mayar da holin cikin sabuwar ƙasar, jikin bango inda rana ba ta kaiwa sai da safe, na sa bokiti ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ina tarar ruwan da ke ɗiga, don shi babu gishiri. Rassan da suka bushe na datse su duka, har ya koma kamar tsintsiyar da ta ƙare. Haka ya tsaya wata da watanni ina ba shi ruwa, kafin ya fitar da 'yan tofo jajaye.

A 2020 na je gida duba mahaifina, korona ta sa aka tsayar da jirage, na maƙale a can. Zafi ya shigo Dubai ba na nan. Na kasa tambayarta holin, don ita kaɗai ce da yara a kulle.

Wata rana muna magana ta bidiyo sai ta juya wayar. Ga shi nan kore shar, ta yi masa rumfa da tsohon zanenta, ta daidaita kansa da almakashin ɗinki.

"Ruwan bokitin nan ba ya isarsa yanzu," in ji ta. "Na ƙara da na ɗakin yara."

Da na dawo na same shi ya kai mini gwiwa. Na ajiye jaka, na tsuguna ina cire masa busassun ganye, har ta gaji da kirana ta kawo mini abincin nan waje.