Na'urar Yaya Isufu da ta manta da mutanen Tajaye

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka binne yayana Isufu a Tajaye, kuma har yau idan na tuna yinin nan jikina yakan yi sanyi. Da safe ya fita noman farko lafiya lau, ya ma tsaya ƙofar gidana ya karɓi aron hauya. Kafin azahar aka shigo da shi a kan amalanke. Bai yi jinya ba, bai yi wa kowa sallama ba.

Masu karatu na yanzu za su yi mamakin abin da ya sa mutuwar manomi ɗaya ta girgiza gari sukutum. A lokacin babu salula a ƙauyenmu. Da an gama girbi samari sukan watse cin rani, wasu Abijan, wasu Legas, masu ƙarfin hali su ƙetare hamada zuwa Libiya, kuma babu mai wayar kansa a cikinsu. Mutum yakan bar lambar wani mai shago ko ta maigidan da yake yi wa aiki. Duk lambobin nan wurin Yaya Isufu suke taruwa.

Ya taɓa zama lakwal, wato makarantar boko, ya kuma yi shekaru yana tsaron shago a Abijan. Da zai dawo gida, maigidansa ya ba shi wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, mai gilashi toka-toka da ɗan tsinken da ake taɓa ta da shi. Ba a kira da ita, ba ta waƙa. Amma a cikinta akwai tsarin ajiye sunaye: suna, gari, lamba, sai wani fili a ƙasa na ƙarin bayani. Idan ya taɓa Legas, duk 'yan Tajaye da ke Legas su jeru. Idan mutum ya sauya wuri, ya goge tsohuwar lamba ya sa sabuwa. Muna da Abdu da yawa, shi ya sa yakan rubuta Abdu mai tabo, Abdu na Inna Kulu.

Ranar kasuwa yakan hau mota zuwa Konni, ya shiga telesantar, shagon da ake biya a buga waya, da saƙonnin mutane, haihuwa, ciwo, rasuwa. Filin bayanin nan shi ya fi ba ni mamaki. A ƙarƙashin kowane suna ya rubuta wanda za a fara gaya wa idan labarin ba mai daɗi ba ne. Ba ya faɗa wa mutum mutuwar uwarsa kai tsaye. Sai ya nemi maigidan ko wani aboki, ya ce a zaunar da shi tukuna.

Bayan jana'iza matarsa ta tattara kayansa ta kulle a akwati har a yi rabon gado, kamar yadda aka saba. Babu wanda ya kawo na'urar a ransa, hankalinmu ba ya jikinmu. Sai bayan sadakar arba'in, da wani tsoho ya kwanta ciwo aka so a sanar da ɗansa, muka buɗe akwatin. Na danna, ba ta kama ba. Na sayo sabbin pil, wato batir, na sa mata, ta haska, ta tambaye ni kwanan wata kamar yau aka fito da ita daga shago. Na taɓa wurin sunaye. Wayam.

Mutane na tsaye a kaina suna jira. Na kashe na kunna, na sake. Washegari na kai ta wurin wani mai gyaran rediyo a Konni. Ya jujjuya ta ya ce, "Malam, irin wagga in pil ya mutu ya daɗe, komi na cikinta ya tafi." Na tambaye shi ko a Yamai ko Sakkwato za a iya dawo da su. Ya girgiza kai. A bakin shagonsa na zauna. Ji na yi kamar ranar ce aka gaya mini rasuwar.

Yanzu kowane yaro a Tajaye na da salula, lambobi kuma ba sa ɓata ko wayar ta faɗa rijiya. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai so saurin, don ya sha wahalar hanyar Konni. Amma bara ɗiyata da ke aure a Malbaza ta buɗe wayarta tana tsakiyar tuƙa tuwo, ta ga hoton kawunta da addu'ar mamaci a ƙasa, tun ba a gama yi masa wanka ba. Ita kaɗai ce a gidan. Maƙwabta ne suka same ta a ƙasa ta suma. Wanda ya sa hoton ɗan'uwanmu ne, kuma har yau bai ga laifinsa ba.

Yawancin waɗanda lambobinsu suka ɓata sun dawo da damina ta zagayo, aka sake ƙulla zumunci. Ban da Hamidu, ɗan Inna Rabi maƙwabciyarmu, wanda ke aikin lambu a wani ƙauye can cikin Libiya inda babu ɗan garinmu ko ɗaya. Yaya kaɗai ya san lambar Balaraben da yake yi wa aiki. Inna Rabi ta rasu a ranin da ya biyo, muka rasa ta inda za mu aika.

Sai bayan shekara uku Hamidu ya sauka daga mota da jakunkuna, har da bargo da turamen atamfa na uwarsa. Ni ya fara gani a bakin masallaci. Muka gaisa yana ta fara'a, ya ce, "Baba, ina Baba Isufu? Na zo mashi da agogo." Na kama hannunsa na zaunar da shi a kan dakali, na gaya masa na Yaya. Ya dube ni, na ga fuskarsa ta sauya tun kafin in ƙara kalma.

"To Inna fa?"

Na ƙara riƙe hannunsa, ya gane. Can ya ce, a hankali, "Ni da na ji shiru, cewa na yi tunda Baba Isufu bai kira ba, lafiya lau take."

Gonar Yaya an raba ta, ɗakinsa ya rushe an yi sabo, jikokinsa ba su san fuskarsa ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne maganar nan ta Hamidu. Na duba cikin mutanen da na sani a yau, masu waya biyu da masu uku, ban ga wanda shirunsa kawai zai sa mutum ya kwana da kwanciyar hankali shekara uku a ƙasar wasu ba. Allah ya jiƙan Yaya Isufu, ya jiƙan Inna Rabi.