Kaset ɗin da Malam Ɗayyabu ya manta bai kashe ba

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Malam Ɗayyabu tafinta a Madina, kuma har yau in na tuna shi, dariya ce take riga hawaye zuwa.

A ƙarshen shekarun saba'in ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Anbariyya ta Madina. Na auri Hauwa, 'yar mutanenmu da suka zauna can, auren shaidu da dabino, ba mu kai ofis ba. Zama bai yi daɗi ba muka rabu, na koma garinmu Gumel ban san tana da ciki ba. Ta haihu, ta rasu kafin arba'in. A takardar hukuma kuwa ni ko mata ban taɓa yi ba, balle 'ya.

Ofishin da ke kula da marayu ya yi abin da ya saba. Ya liƙa sanarwa da Larabci a allo, cewa duk mai ganin shi ne uban ya zo ya rubuta sunansa kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba a ba wasu riƙon yarinyar. To, wa zai karanta allon Madina daga Gumel? Malam Ɗayyabu, da yake yi musu tafinta, ya ce wannan ba sanarwa ba ce, wanke kai ne kawai.

Sai ya samo rediyo ya ɗauki muryarsa a kaset, ya je masallacin Ƙiblatain lokacin ziyarar alhazai yana tare mutane da tambayar waye ɗan Gumel, har ya samu wanda zai taho da kaset ɗin. Abin da ya sani game da ni bai wuce Sani tela ba. Mu uku ne a garin! Kaset ya fara sauka gidan wani dattijo da ko Kano bai taɓa wucewa ba, aka yi mako ana tsokanarsa kafin ya iso hannuna.

Bayani ne tiryan-tiryan, inda zan je da shaidun da zan nema. Da ya gama, ashe ya manta bai danna ba, kaset ya ci gaba da juyawa. Sai ga kukan jaririya da muryar matarsa Inna Rabi.

"Malam, in ya zo ya ɗauke ta fa?"

"To sai mu haɗa mata kayanta, Rabi. Amma dai sai ya sani."

Da na isa, wa'adi saura kwana huɗu, na tarar yarinyar, Asma'u, a gidan Malam Ɗayyabu take a unguwar Ranuna. Shekara ashirin da aurensu ba haihuwa, kuma su ne na farko a masu neman riƙonta. Duk da haka shi ya zagaya ya tattaro shaidun aurena, ya tsaya har aka rubuta ta da sunana. Na shiga gidan na ga ƙullin kayanta a bakin ƙofa, ita kuma ta damƙe gemunsa. Wallahi hannuna ya kasa ɗauka. Na ce ta zauna, ni zan koma shagona na Anbariyya. Har faɗa ya yi mini, wai kada kunya ta sa in bar haƙƙina, amma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

Da zai ga yau, da saƙo ke isa Gumel kafin ka ajiye waya, na san zai yi mamaki, sannan ya tambayi ma'aikatan ko sun tabbatar mutumin ya ji. Zai kuma ja kunnen jikokinmu, da ake yi musu Hausa suna amsawa da Larabci.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar Asma'u da sunan ubanta, da uba biyu da ba su taɓa jayayya a kanta ba. Bara ta sa aka kunna mata kaset ɗin, ta saurara har ƙarshe tana dariya tana share ido.

"Baba dai har ya rasu bai iya kashe rediyo ba," in ji ta.

Na ce mata ta gode wa Allah. Da ya iya, da a Gumel ta girma.