Igiyar Shanyar Kawu Tanimu

Duk wanda ya san Kawu Tanimu mai wanki da guga na Sabon Gari, ya san igiyar nan ta ƙofar shagonsa. Sauran ranaku kayan mutane ake shanyawa a kai, amma da an kaɗa gangar siyasa sai ya kwashe kayan ya mayar bayan shago, ya jera hotunan masu neman shugabancin ƙasa. Ni Sani ɗan ƙanwarsa ne, ni ya bar wa shagon, kuma wallahi tun da aka shiga kamfen ɗin bana ban taɓa kallon igiyar nan gabana bai faɗi ba.

Kun san Kawu ba ya sauraron alƙawari. Ɗan takara na fara "zan gina, zan kawo", sai ya murɗe rediyo. "Sabuwar riga kowa tana yi masa kyau," in ji shi, "a bari manja ya zuba mata tukuna." Ranar da aka ce asirin wani ya tonu kuwa, ko an naɗi muryarsa yana ɓaram-ɓarama, ai Kawu sallah yake yi. Ba laifin ne ya dame shi ba, amsar yake jira. Wanda ya fito da kansa ya yi bayani, hotonsa na nan daram. Wanda ya ce aikin maƙiya ne, a tura shi ƙarshen igiya inda rana za ta koɗe shi. Wanda ya turo kakakinsa kuma, sai a juya shi ƙafa sama. "Shi bakinsa ciwo yake yi?"

Wata rana Alhaji Bala, babban ɗan jam'iyya kuma babban mai kawo mana wanki, ya tarar da gwaninsa kai a ƙasa. Kai, zo ka ga kumfar baki!

"Tanimu, mutumin namu ka kife?"

"Alhaji, an tambaye shi ya ɓoye fuska. Taya shi kawai na yi."

Alhaji ya kwashe kayansa kaf, har da waɗanda ba su bushe ba. Da ya zaga gari bai sami mai sa sitaci irin na Kawu ba, sai ya aiko direbansa da su a ɓoye. Kawu ya dubi direban sama da ƙasa ya ce, "Au, shi ma kakaki ya turo?" Ranar wandon Alhaji a tsakiyar 'yan takara ya yini, ƙafa sama.

Amma fa shi kansa gogan, a ce ya amsa laifi? Tab! Ya taɓa ƙona shaddar wani malamin makaranta, tabon dutsen guga ƙiri-ƙiri a gadon baya. Da farko ya ce gawayin bana ne ba shi da tarbiyya. Can kuma ya ce masu wankin Dutsen Kura ne suka sa masa ido.

Na ce, "Kawu, aikin maƙiya ke nan?"

Ya harare ni. "Ni takara nake yi?"

Washegari na zo na tarar da hularsa maƙale a ƙarshen igiya, cikin rana, shi kuma ya tafi gidan malamin da sabon yadi. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban isa ba.

Akwai hukunci ɗaya da ba a dariya a kansa. Duk ɗan takarar da aka tuhuma ya ce ai don addininsa ko don ƙabilarsa ake yi masa, Kawu ba ya kife hotonsa. Cire hoton yake yi, ya miƙa wa Maman Ladi ta naɗe ƙosai. Maman Ladi dai kun san ta, maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna, wadda ke suya a ƙofar gidanta tun ina ƙarami. Ita ba ruwanta da labarai. In hotuna suka fara taruwa a gindin kaskonta, ta san lokacin kwashe yara a tafi gida ya yi.

A wani zaɓe igiyar ta zama wayam, duk sun koma wajenta. Gari ya yi tsit, kowa na magana ƙasa-ƙasa, shagunan baƙi rabi a rufe. Ta ɗaure kaya ta leƙo yin sallama.

"Baba Tanimu, za mu je gida. In an gama lafiya mu dawo."

"To nan ina ne? Daji?"

"Kai ma ka ga igiyarka."

Kawu ya miƙe tsaye. Ya kinkimi teburin guga, wannan mai nauyin tsiya, ya dire shi a ƙofar gidanta. Ta ce, "Lafiya?" Ya ce, "Inuwar nan ta fi." Alhali wallahi ko ganye babu a wurin, rana ce tsagwaronta. A nan ya yi ta guga yana zufa har aka faɗi sakamako. Ranar wasu samari suka shigo layin a kan babura suna ihu, suka rage gudu daidai ƙofar. Kawu ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kai Nura, ka gaya wa babarka zanin gadon da kake jiƙawa ya bushe." Sauran suka fashe da dariya, Nura ya ja babur ya yi gaba, suka bi shi.

Da daminar bara Kawu ya rasu. Bana na jera hotunan kamar yadda ya saba, amma ni ba ni da kunnensa. Yanzu ma abin a waya yake yawo, ba ka san muryar gaske da ta haɗi ba, kuma kowa ya iya magana mai harshen damo. Makon nan an sake tono wata badaƙala, ɗaya daga cikin 'yan takarar ya ba da amsar da na saurara har na gaji, na kasa gane ko addini ya jawo ko bai jawo ba. Na kama hoton, na saki, na sake kamawa. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. In na bar shi alhali na cirewa ne fa?

Jiya Maman Ladi ta tako da sandarta. Jikokinta na makaranta a nan, ƙafa kuma ta ƙi.

"Sani, in ɗaure kaya ne?"

Na dubi igiyar, ta juya ta koma.

Yau da safe na kinkimi teburin. Ashe haka yake da nauyi, tsohon nan bai taɓa faɗa ba. Na dire shi a ƙofarta, na hura gawayi. Ta leƙo ta dube ni, ta dubi ranar da ke dukan wurin.

Na ce, "Mama, inuwar nan ta fi."

Ta sa bakin zani ta share ido, ta shiga ta ɗora kasko.

Allah Ya jiƙan Kawu Tanimu, Ya yafe masa shaddar malam da sauran kurakuransa, Ya sa shi a inuwar da ta fi. Mu kuma Allah Ya fitar da mu zaɓen nan lafiya, mu da maƙwabtanmu.